Ɓauren da Aka Sare a Bakin Gurbi

Tun ɗazu nake kallonka, idonka ya ƙi sauka daga kwandon maƙwabcinka. Zauna in ba ka misali.

Wasu masunta biyu ne ke fatsa a kogi ɗaya, kowa da gurbinsa. Na farkon ya san halin kifi: yana zuwa da sanyin safiya, ya zauna inda inuwarsa ba za ta faɗa ruwa ba, ba ya ko tari, ya saka tana mai rai a ƙugiya, in ya kamo ƙarami ya mayar. Na biyun kuwa sai rana ta take yake isowa, yana buga ƙafa yana waƙa, alhali gurbinsa ya fi kyau, don akwai ɓaure da ya sunkuyo kansa yana zubo wa kifi 'ya'ya da ƙwari. Kullum matar da ke suyar kifi a tasha sai ta wuce shi ta tafi wajen na farkon, shi kuma ya koma gida da karfasa uku, yara su yi ta leƙen tukunya. Abin ya tsaya masa a rai. Ko gaisuwar mutumin nan ba ya son amsawa.

Ran kasuwa, da ya ga ɗan'uwan nasa ba ya nan, sai ya ɗauko gatari. Itacen da ya fi kusa da hannunsa shi ne ɓauren nan nasa. Ya sare shi, ya ja shi da gumi da nishi, ya tura cikin gurbin wancan, wai rassan su riƙa cinye masa ƙugiya. Sun kuwa cinye guda biyu, har ya yi kwana biyu yana murmushi. Amma wawan bai san kifi ba ya da abin so kamar maɓoya ba. Nasa gurbin ya zama fili, rana na dukansa, ba inuwa ba abinci, kifayen suka tattara suka koma ƙarƙashin rassan. Na farkon ya koyi jefa ƙugiya a gefen itacen, tarwaɗa da ragon ruwa suka yi ta hawa, har ya sayi kwando na biyu.

Wata safiya ya tarar da mai gatarin zaune kan kututturen ɓauren, kwando wayam. Ya ɗauko tarwaɗa biyu ya miƙa masa, ya ce, "Kai wa yara. Wanda ya jefo min itacen nan, Allah ya saka masa da alheri."

Ya karɓa, don yunwa ba ta san fushi ba, amma ya kasa cewa amin. Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.