Mai Goyon Bayan Wanda Ake Ci

"Allah ya ba mai gilashin nan sa'a," in ji tsohuwar, ko kai ba ta ɗaga daga matashi ba.

Nas ta dubi talabijin ɗin ɗakin jinyar. Wasan ƙarshe ne na gasar sinuka, kuma mai gilashin ake ci. Ɗazu da yana gaba, ɗayan ta yi wa addu'a. Tun da aka kwantar da ita ba wanda ya leƙo ta. Ba ta kuka, ba ta tambayar sakamakon gwajinta, abinci ma sai an matsa mata. Sinukar kawai take bi.

Mai gilashi ya kuskure baƙar ƙwallo. Abokin karawarsa ya share teburin, 'yan kallo suka miƙe da tafi.

"Sannu, Mama. Naki ya faɗi."

"Ba ni da nawa a cikinsu, 'yata. So nake dai wasan ya daɗe." Ta nuna alƙalin wasan, yana cire farar safar hannu. "Ɗana ne. Tun da ya bar gida, a nan kaɗai nake ganinsa."

Aka sako talla. Ta juya fuskarta bango.