Furannin Kabarin Direba

Matar Baturen kamfanin haƙar kuza ce ta yanko furannin da hannunta bayan la'asar, farare da jajaye, ta ɗaure su a jikin waya ta lanƙwasa kamar gammo. Ta miƙa wa Baffa mai lambu, idanunta jawur, tana ta Turanci, Rufa'i kuku yana fassarawa.

"Ta ce gobe da hantsi Bature zai dawo daga Jos, za su je tare su ɗora a kabarin Hamman direba. Kada furannin su kwana su yanƙwane. Ko ɗaya kada ya faɗi."

Baffa ya karɓa hannu bibbiyu, ya ce, "To."

Ita dai baiwar Allah ta yi gaggawa. Ta zaci yau mijin zai iso, ta aske lambun tas, sai ga saƙo wai sai gobe. In waɗannan suka mutu, daga nan Riruwai har Tudun Wada babu inda za a samo wasu. Ga bazara ta kai maƙura, iska kamar daga bakin murhu, firjin gidan mai aiki da kananzir kuwa ya daɗe da lalacewa.

Da safen nan ne motar kamfanin haƙar kuza ta ƙwace wa Hamman a gangaren dutse, ta kife da shi. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Saurayi ne mai fara'a, ɗan garin Dangora aka san shi, can ya tashi a hannun kawunsa. Baffa ya bi gawa kamar kowa, yana sahun baya, aka gama ya dawo ya ci gaba da cire ciyawa.

"Wai fure a kan kabari!" in ji Rufa'i bayan ta shige ciki. "Mamaci addu'a yake so, me zai yi da ganye? Baffa, jefa su a bokiti ka huta."

Baffa ya wuce da furannin a hannu. Tsohon Bafulatani ne da ciwon bushiya ya ƙarar masa da shanu, ya zo nan ya koyi kiwon fure, kuma kamar shanun yake riƙonsu. Ya shiga bukkarsa ya fito da randar da yake shan ruwa, ya haƙa rami a gindin mangwaro, ya zuba yashi ya jiƙa, ya kafa randar a ciki. Ya wasa askarsa. Ɗaya bayan ɗaya ya bi ƙarshen kowane kara ya sake yanke shi a karkace a cikin ruwa. Ya jefa gawayi don kada ruwan ya yi wari, ya ɗora gammon a bakin randar yadda kowane kara zai sha. Ya kafa tsinkaye kewaye, ya rufa jiƙaƙƙen gwadonsa a kai ba tare da ya taɓa furen ba. Sannan ya zagaye wurin da toka saboda tururuwa.

Bayan isha Rufa'i ya kawo masa tuwo, ya same shi zaune a ƙasa da tsintsiya, yana tsomawa a ƙwarya yana yayyafa wa gwadon ruwa.

"Ikon Allah! Yaron nan yana raye ko gaisuwarsa ba ka amsawa da kyau. In ya shigo ta ƙofa, kai ka fice ta baya. Har na ce ko gaba kuke yi. Yau kuma ka hana idonka barci a kan furensa?"

"Aiki aka ba ni," in ji Baffa.

Tuwon nan a nan ya huce. Baffa ba ya jin yunwa, ba ya jin barci, ba ya jin komai. Tun da aka kawo labari cikinsa ya zama kamar ƙwaryar da aka kife. In gwado ya bushe, ya sake jiƙa shi. Akuyar maƙwabta ta zo tana sansana, ya kore ta ba ko tsawa. Da ruwan ya ƙare ya ɗauki tulu ya gangara rafi, ya tona yashi da hannu ya jira ya taru.

Da asuba ya ɗaga gwadon. Duk suna tsaye, sai fari guda ɗaya da ya sunkuyar da kai. Tsohon ya miƙa hannu. Ya zare furen a hankali, ya rage masa kara, ya kwantar da shi cikin ruwan sanyi, ya tallafe wuyansa da yatsa biyu. Haka ya zauna riƙe da shi, sallar ma sai da gari ya yi shaa ya yi ta. Rana tana ɓullowa furen ya miƙe. Ya mayar da shi mazauninsa.

Da hantsi Bature ya iso. Matar ta ga gammon furen sharr kamar yanzu aka yanko, ta rushe da kuka, ta yi wata magana, Rufa'i ya fassara wa Baffa.

"Ta ce kai da ka daɗe a nan, ko ka san inda uban yaron yake? Suna so su je su yi masa gaisuwa."

Baffa ya dubi ƙasa.

"Allah Ya ba shi haƙuri," ya ce.

Suka shiga mota suka tafi da furen. Baffa ya ɗauki tulu ya nufi lambu, ya yi ta kwarara ruwa a kan karan da ba su da ko fure ɗaya.

To, me zai ce musu? Bafulatanin kirki ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya nuna shi a gaban mutane, ko yana raye ko ya mutu. Hamman kuwa shi ne ɗan farin Baffa, kuma shi kaɗai Allah Ya ba shi.