Hannun da ke Tambarin San Ciriaco

Don Nicanor ne ya fara sa hannu a takardar neman korar Malama Eulalia, kuma tun ranar kunun masara ya daina yi masa daɗi a baki.

Laifinta ɗaya ne. Ta kai 'yan ajinta zauren hukumar gari su ga dutsen nan, ta ɗan karci gefensa da makulli, ta ce, "Yara, wannan siminti ne. Wace shekara ɗari uku? Ko saba'in da ƙyar."

A San Ciriaco del Vado, gara ka zagi uwar mutum da ka taɓa mutuncin dutsen nan. Daga dutsen nan aka zana tambarin gari: shuɗin rafi a ƙasa, masara biyu a gefe, a tsakiya tafin hannu mai yatsu huɗu. Yana jikin tuta, yana ƙofar motar 'yan sanda, yana kan takardar haihuwar kowa. Ambaliya ce ta tono dutsen ƙarƙashin gada shekara hamsin da suka wuce. Manya suka zauna suka yanke cewa hannun Kyaftin Olvera ne, wanda ya kafa garin, ranar da ya dafa dutse ya tare ruwa, ruwan ya tafi masa da ƙaramin yatsa.

Lokacin Nicanor ya daɗe da barin aikin gini, yana can arewa yana tsinkar tuffa. Da ya dawo ya ji labarin, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya zama babu mai iya ba da shi kamarsa. Shi ya ƙara tsawa. Shi ya ƙara farin doki.

"Ni da aka kora a aji huɗu don na fasa abin tartsatsin biki a teburin malami," yakan ce, hannun dama a aljihu kamar kullum, "yau masu digiri ke rubuta abin da na faɗa!"

Duk ranar bikin gari mutane kan yi layi, kowa ya ɗora tafinsa a kan shatin hannun da ke jikin dutsen don neman albarka. Nicanor bai taɓa shiga layin ba. Sanyin ƙashi, in ji shi.

Amininsa Hilario ne ya kawo masa takardar a shagon kofi. "Kai ne bakinmu, tsohon banza. In ba ka fara ba, wa zai fara?" Idanu goma na kansa. Ya karɓi biro da hagu ya yi ɗan karcensa.

Ran Asabar ya ci karo da Malama Eulalia a kasuwa, tana tura mahaifiyarta a keken marasa lafiya. Ita ce ta zauna da jikarsa wata shida har yarinyar ta iya karatu. Ya nemi lungun da zai shige, bai samu ba.

"Ban riƙe ka ba, Don Nicanor," ta ce. "Kai ko ba komai, ka yarda da abin da kake faɗa."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma gida ya bar cefanen a kan tebur, bai ko kunna wuta ba.

Litinin da safe zaure ya cika maƙil. Shugaban gari ya ce magana ɗaya ce: Malama ta ɗora hannu a kan dutsen ta nemi gafara, ko ta kwashe littattafanta.

"Ba zan yi wa yara ƙarya ba," ta ce.

Shugaba ya buɗe murfin biro. Nicanor ya miƙe.

"Yauwa!" Hilario ya ɗaga murya. "Ba ta labarin farin dokin, ta ji tarihi daga bakin masu shi!"

Ya taka a hankali har gaban dutsen, wurin da ya shekara arba'in yana kewaye wa.

"Malama ta yi kuskure," ya ce. Zaure ya ɗauki tafi. Ya jira aka lafa. "Ta ce saba'in. Sittin da uku ne."

Ya zaro hannun dama daga aljihu, wanda abin tartsatsi ya cinye wa ƙaramin yatsa, ya ɗora a kan shatin, hannun ya zauna daram kamar ranar da ya danna shi a ɗanyen simintin gada don kawai ya ɓata wa babban magini rai.