Keken Mushe Alasan

Keken ba ya zuwa ko'ina. Ba shi da taya, an kafe shi a daɓen ɗaki, gabansa kuma ya shige cikin wani akwatin katako da aka manna da bango. A kansa Mushe Alasan yake haɗa gumi kullum, yana tsine wa wanda ya ƙera shi.

Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya koyar a lakwal a Damagaram har ya aje alli. Ya zo Sabha da matarsa Hindatou a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, bisa kiran ɗansu, wanda bai daɗe ba ya wuce Tarabulus ya bar su a gidan haya a unguwar Hajara. A nan Mushe ya zame a bakin masallaci, gwiwarsa ta dama ta goce. Da aka kwance ɗaurin, likita ya ce ƙafar ta tsotse. Sai ta riƙa tura abu mai nauyi kowace rana, in ba haka ba shi da sallah a tsaye sun yi bankwana.

Hindatou ce ta nemo Soumana mai walda, wani Bazabarme da ke da rumfa a bayan tasha. Ita ta zaɓi bangon da za a kafa keken, ta ce nan rana ba ta bugawa. Mushe bai yi gardama ba. Gidansa gida ne mai doka, kowa ya san gurbinsa. Namiji ba ya leƙa madafa, matar malami kuma ba ta sana'ar bakin titi, ko da me ake ciki. Ta roƙe shi kan wannan tun zuwansu, ya rufe maganar.

Abin da ya nema a wurin Soumana ba shi da wuya. Nauyi madaidaici, wanda za a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kamar darasi. Amma keken yana da nasa ra'ayi. Da safe feda takan yi tauri har jijiyar wuyansa ta miƙe, akwatin yana gurnani kamar raƙumi. Can sai ta saki ba sanarwa, ƙafarsa ta yi ta juya iska. Da yamma kuwa ko jariri zai tuƙa shi. In ya sauka cikin fushi, Hindatou takan ɗaga murya daga ciki ta tuna masa maganar likita. Sai ya koma. Bayan ya gama, maƙwabciyarsu Saoudé takan aiko masa da ƙosai mai zafi, shi kuma yana ɗauka girmama ilimi ne.

Ya aika wa Soumana ya zo ya gyara. Ya zo, ya zuba wa sarƙa mai, ya tafi bai taɓa akwatin ba. Ya sake zuwa, haka. Mushe ya kira shi maha'inci a gaban masu shayi, ya ce ko ɗalibinsa mafi daƙiƙanci ba zai miƙa irin wannan aiki ba. Soumana ya sunkuyar da kai.

Da azumi ya kama, keken ya juya hali. Safiya sakayau, bayan azahar kamar ana hawan tudun yashi. Wannan ne ya ƙure Mushe. Ya rantse in ba a buɗe akwatin an gyara a gabansa ba, zai kai ƙara wurin shurɗa, 'yan sandan ƙasar. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Soumana ba shi da takardar zama, kuma wanda aka kama a haka, mota ce za ta zubar da shi a iyaka, rumfa da kayan aiki su zama na wani.

Alhaji Gwadabe, dattijon Bakano da ke sasanta Hausawan kasuwa, ya zo gidan bayan azahar, Soumana na biye da shi. Mushe bai ba su tabarma ba. Ya hau keken don su gani da idonsu. Feda ta cije, akwatin ya ɗauki gurnani, gumi ya jiƙa masa riga. Ya sauko yana haki, ya nuna akwatin.

"Buɗe."

Soumana ya dubi bango, ya dubi ƙasa.

"Mushe, don girman Allah ka bar shi a rufe. Amana ce."

"Amanar wa? Ni na sa ka aiki ko bangon?"

Alhaji Gwadabe ya ce a yi haƙuri, wata ne mai alfarma, kuma yaron nan ba shi da kowa a ƙasar. Mushe ya ce shi ma ba shi da wata ƙafar a ajiye. Ya ba Soumana zaɓi, ko guduma ko shurɗa. Soumana ya rungume hannu, idonsa ya kaɗa, amma bai motsa ba.

Mushe bai san lokacin da ya ɗaga ƙafar dama ba. Duka ɗaya, katakon ya tsage, ƙusoshi suka watse, akwatin ya kife gefe. Ba komai a cikinsa. Babu roba, babu ƙarfen nauyi, sai sarƙar keken da ta miƙe ta shige wani rami a jikin bango.

Ya durƙusa, ya kafa ido a ramin. A ɗaya gefen, cikin madafar da bai taɓa takawa ba, sarƙar na naɗe a hannun injin markaɗe, Saoudé na riƙe da robar ƙullu, Hindatou kuma na tsaye da kwanon jiƙaƙƙen wake, tana jiran ya koma kan feda a gama ƙosan da leburorin tasha za su yi buɗa baki da shi.