Datar da Ba Ta Ƙarewa

Wata huɗu ke nan rabon da wata mai ɗinki ta saka data a na'urar gem ta 'yarta, amma datar ba ta ƙare ba. Maimakon abin ya dame ta, sai ma ta riƙa fahari da shi a shago.

"Layin nan albarka gare shi," in ji ta ga masu kawo ɗinki. "Sau ɗaya na saka, har yau muna ci."

Ita dai ta sayi na'urar ne don Auta, 'yar shekara tara, ta daina damunta da surutu in tana kan keken ɗinki. Ta kuwa samu yadda take so. Da yarinya ta dawo daga makaranta sai ta shige bayan tulin yadi, ta toshe kunne, ko tarinta ba a ji. Uwa ba ta taɓa leƙawa ba, a tunaninta gem ai gem ne, 'yan tsana suna tsalle-tsalle.

Ranar nan Auta tana makaranta, uwar ta ga maɓalli ɗaya na na'urar ya maƙale, ta miƙa ta ga mai gyaran waya na shagon kusa. Can sai ga shi ya shigo, fuskarsa ba walwala.

"Anti, wa yake saka wa layin nan data?"

"Kyautar kamfani ce mana."

"Kamfani ba ya irin wannan kyautar. Mutum ne, duk wata. Kin san ana hira a cikin gem ɗin?"

Ya buɗe mata saƙonni, ta riƙa karantawa. Wani ne da Auta take ce wa Kawu. Shi ya tambayi lambar layin, wai don kada wasansu ya katse. Ta tura masa hotonta da kayan makaranta, da hoton ƙofar makarantar, har da lokacin tashi. Saƙon ƙarshe na jiya ne: "Gobe zan zo in kai ki ki zaɓi sabuwar na'ura. Kada ki gaya wa Mama, so nake mu ba ta mamaki."

Ƙarfe biyu ake tashi. Agogon bango ya nuna biyu da kwata.

Ba ta tsaya neman takalmi ba. Da tef ɗin awo a wuya ta fita a guje, tana kiran sunan Allah, masu babur suna zaginta a titi. Ta isa ta tarar yara sun watse, maigadi yana jan ƙofa.

"Baba, ina Auta?"

"Ai kawunta ya ɗauke ta a mota. Da murnarta ta ruga wurinsa, shi ya sa ban tsayar da su ba."

Nan take ta zube a wurin.

Yau kwana goma sha tara. Na'urar tana hannun 'yan sanda, layin mutumin a kashe. Uban Auta ya bar aiki yana bin tashoshin mota da hotonta. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan, sai uwar ta kasa ɗauka don tsoron abin da za ta ji.

Iyaye, duk na'urar da take hawa intanet baƙo yana iya magana da ɗanku ta cikinta, ko ta wasa ce. Ku leƙa ku ga da wa yake hira, kuma in kun ga kyautar da ba ku san mai ita ba, ku bincika tun yau.