Lallen Ranar Litinin

Tun da aka raba ranakun asibiti, ƙofa ce ke tantance mutane. Za ka ɗora tafin hannunka a kan gilashi. In ɗan gari ne kai, ta buɗe maka kowace rana. In baƙo ne, sai Alhamis.

Yau Litinin. Cikin Yagana wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, kanta yana sarawa. Shekara shida ke nan da ta ƙetaro iyaka, bayan tafkinsu ya ƙafe, amma har yanzu a wurin ƙofar nan baƙuwa ce. Shi ya sa jiya da la'asar maƙwabciyarta Hajjo ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa musu su biyun har ya yi baƙi.

Hajjo ta ɗora hannu, gilashin bai gane ta ba. Yagana ta ɗora, haka.

Malam Tanimu mai gadi ya leƙo. "Hajiya, biki aka yi?"

"Suna za mu yi, in Allah ya sauke ta lafiya," in ji Hajjo.

"To wace ce 'yar gari a cikinku?"

"Tambayi na'urar taka. Ba ita aka ce ta sani ba?"

Ya dubi ƙafafun Yagana, ya dubi matan da ke layi, kusan kowacce da ƙunshi a hannu. Ya zaro makulli ya buɗe.

"Ku shiga," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma daga watan gobe, mai lalle ba ta shiga. Takarda ta iso."

"Wata guda ya ishe mu," in ji Hajjo.

Yagana ta waiwaya. Matar da ke bayanta, cikinta bai ko fito sosai ba.