Layukan Bayan Ƙyaure

"Ba laifin mai ba shi magani ba ne," in ji likita, yana duba sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar tsohon. "Hantarsa ke ƙone maganin kafin ya yi aiki. Gado ne. Za ni canza mishi wani."

Matar tsohon ta sauke ajiyar zuciya. Wata bakwai 'ya'yanta na cewa mantuwarta ce ta hana gyambon cikin babansu warkewa.

Da suka koma garinsu Gangara, babban ɗanta ya shigo ba ta haƙuri, sai ya yi turus. Bayan ƙyaure, layukan gawayi sun cika bango: kowace ƙwayar magani da ta ba mijinta, layi guda.

"Inna, mi ya hana ki gwada muna?"

"Kun tambaye ni?" ta ce, tana jiƙa tsumman goge layukan.